Masu Jar Riga Sun Sauka a Gari

Duk wanda ya tashi a garin da ke da bariki ya san yadda badujala ke kwashe yara daga gida. Da an jiyo dukan babbar ganga daga nesa, sai a ajiye farantin talla, a manta da aike, a bi bayan masu busa har filin fareti. Ni ma na bi, na kuma sha dukan da ya biyo baya. Abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne mutumin gaba mai dogon sanda, wanda kan wurga shi sama ya cafe bai ɓata taku ba, sai kuma ƙarar nan mai sa ƙirji rawa. Na daɗe ina zaton iyakar gwanintar ke nan, ƙarfin huhu da ƙarfin dantse. Sai da na soma bin aikin makaɗan sojan Amurka masu yawo gari-gari sannan na gane ashe ƙara ita ce mafi araha a cikin hajarsu.

A Amurka kusan kowace runduna tana da babbar ƙungiyar makaɗa, akasari a Washington da kewayenta, kuma cikin aikinsu har da barin babban birni su shiga ƙasa. An yanka musu ƙasar shiyya-shiyya, suna karɓa-karɓa, don kada su taru a wuri guda wani yanki ya shekara goma bai ji ɗuriyarsu ba. Sukan yi makonni a hanya, yau a nan gobe a can, kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Tikiti dai akwai shi, domin kujeru suna da iyaka, amma kyauta ake raba shi, yanzu galibi ta intanet. Wanda ya karɓa ya yi jinkiri ya yi wa kansa, don ana saura minti 15 a fara ake buɗe wa waɗanda ke tsaye a waje ba tikiti su cike guraben.

Uwar wannan al'ada ita ce ƙungiyar makaɗan rundunar Marin, sojojin nan na kundumbala. Shugaba John Adams ne ya sa hannu a dokar kafa ta ranar 11 ga Yuli 1798, kuma tun ranar sabuwar shekara ta 1801 take kiɗa a Fadar White House. Kiɗan fada shi ne asalin aikinta, shi ya sa ake mata laƙabi da ta Shugaban Ƙasa. To makaɗin fada ka san ba ya nisa, don ba a san sa'ar da za a neme shi ba. Haka suka zauna kusan shekara ɗari, in sun fita sai dai su leƙa garuruwan kusa su komo, har John Philip Sousa ya zo. Ubansa mai busa ne a ƙungiyar, shi ya sa shi a ciki yana ɗan shekara 13, a 1868, don ya raba shi da shirin bin 'yan wasan sarkus. A 1880 ya zama shugabanta. Ya gyara ta har faifan garmaho na farko-farko suka kai sunanta garuruwan da ba su taɓa ganinta ba, mutane suka shiga ƙorafin a kawo musu ita. Sousa ya bi ta hannun uwargidan Shugaba Benjamin Harrison, aka ba shi izini, ya fita rangadin farko a 1891. Shekarar da ta biyo baya suka kai har gaɓar tekun Pasifik. Wancan rangadi da kuɗi ake shiga, wani ɗan kasuwa David Blakely ne ya shirya shi, kuma shi ne ya zuga Sousa ya ajiye kaki a 1892 ya kafa ƙungiyar kansa. Sousa ya tafi, rangadi ya zauna. In ka ɗebe 'yan shekarun da yaƙi ko rikicin kasafin kuɗi ko annoba suka tare hanya, har gobe sukan fita, yawanci a watan Oktoba.

Sojan ƙasa su kuma suna da ƙungiya a Fort Meade ta jihar Maryland wadda tafiyar ita ce sana'arta, takan kwashe sama da kwana 100 a hanya kowace shekara. Tushenta 1944 ne, lokacin da Chester Whiting ya tara makaɗan da suka ga fagen daga da idonsu, suka zaga ƙasa suna tallar takardun lamunin yaƙi. Na ruwa da na sama su ma suna da nasu, har da ƙananan rukunoni na jaz da na mawaƙa zalla.

Shiga irin wannan ƙungiya ba ta san ɗan wane ba. In kujera ɗaya ta faɗi, a ce ta mai kilarinet, sai masu nema su taho daga ko'ina, yawancinsu da digiri na biyu a fannin kiɗa. A zagayen farko akan sa labule tsakanin mai busa da alƙalai, ba su ganin fuska, ba su san namiji ne ko mace ba, kunne kaɗai ke hukunci. A ba ka 'yan layuka mafi wuya daga manyan kaɗe-kaɗe, ka yi, a ce an gode, na gaba ya shigo. Wanda ya ci a ƙungiyar Marin ba ya zuwa horon kurata ko na kwana ɗaya, kai tsaye ake ba shi muƙamin sitaf saje, abin da kan ɗauki sojan gaske shekaru. Na sojan ƙasa da na ruwa da na sama su dole su sha tasu guje-gujen tukuna. Mace ta farko ta shiga ƙungiyar Marin a 1973, Ruth Johnson, mai busa ƙahon nan mai naɗi.

Amma cin jarrabawar shiga wani abu ne daban da abin da hanya ke nema. Makaɗan babban birni masu zaure nasu na kansu sun san shi kamar yunwar cikinsu, sun san inda sauti ke taruwa da inda yake ɓacewa. Ɗan rangadi ba shi da wannan gata. Jiya ya yi wasa a zauren jami'a mai labule masu kauri da kujerun katifa, inda sauti kan mutu da zarar ya bar bakin ƙaho. Yau bas ta sauke shi a wani ƙaramin gari inda wuri mafi girma shi ne ɗakin ƙwallon kwando na makarantar sakandare: daɓen katako mai sheƙi, bangon bulo, rufin ƙarfe, allon maki yana lilo a bisa kai. A irin wannan ɗaki in ka tafa hannu sau ɗaya sai ya amsa maka sau uku. Ka zuba masu busa sittin a ciki su yi yadda suka yi jiya, abin da zai fito kunu ne.

Lokacin da suke da shi na gwada ɗakin kaɗan ne, tsakanin sauke kaya da buɗe ƙofa. Madugu ya ɗaga sanda, a yi layi takwas, ya tsayar. Mataimakinsa yana can kan bencin ƙarshe, ya yi nuni da hannu cewa ganguna sun danne kowa. Babu dogon jawabi. Mai ganga ya ajiye sandar da ke hannunsa ya zaro wata daga jaka, ya ɗora ɗan ƙyalle a gefen fata don ya rage kuwwa. Masu manyan ƙahoni su gajarta kowace busa, su bar ɗan sarari tsakaninta da ta gaba, domin sun san ɗakin zai cike gurbin da kansa. Madugu ya ɗan ja linzamin gudun kiɗan, kaɗan ƙwarai, yadda mai sauraro ba zai lura ba. Sannan kowa ya riƙe a ransa cewa duk wannan lissafi zai sake da zarar mutum dubu biyu sun shigo da rigunan sanyinsu, don jiki da tufafi suna shanye sauti. Minti biyar na farkon wasa, ana kiɗa ana sake awo.

Zafin jikin jama'a ma yana da nasa aikin. Kayan busa in suka ɗumama muryarsu kan ɗan hau sama, in suka yi sanyi ta sauko, saboda sauti ya fi gudu a cikin iska mai ɗumi. Su kuwa kayan bugawa masu jerin ƙarafa ko katako ba sa bin su. Saboda haka daidaita murya da aka yi kafin a fara, inda mutum ɗaya ya ba da sauti kowa ya ɗauka, ba ya kai su ƙarshen dare. Kowane mai busa yana gyara da leɓe da maƙogwaro a kan kowane sauti, yana sauraron na kusa da shi da kuma tuba can ƙasa, wadda ita ce harsashin ginin. Wanda ke zaune a layin baya kuma ba ya yarda da kunnensa wajen lokaci, don kafin sautin na gaba ya bugi bango ya dawo masa ya riga ya makara. Sandar madugu yake bi da ido.

Wanda ya fi ba ni tausayi a tafiyar shi ne mai obo. Obo 'yar'uwar algaita ce ta jini, dukansu ɗan kara mai baki biyu ne ke ba su murya. Mai obo da kansa yake fere nasa da wuƙa, yana kankare abin da bai kai kaurin gashi ba, kuma karan da ya yi daɗi a gari mai laima a bakin teku sai ya ƙi magana a Denver, inda tudu ya kai mita 1,600 iska kuma ta bushe. Don haka yayin da abokansa ke barci a otal, shi yana zaune gaban fitila da wuƙa da ƙaramin kofin ruwa.

Zancen algaita ya kawo mu kan numfashi, kuma a nan ne na fi jinjina musu. Mai algaitar fada ya warware matsalar numfashi shi kaɗai: ya cika kumatu, ya riƙa tura iskar da ke cikinsu yana shaƙar wata ta hanci, sautin ba ya yankewa har sarki ya gama wucewa. Makaɗan soja sun warware ta a taron dangi. Da yawa daga abin da suke kaɗawa asali an rubuta shi ne don goge irin na Turawa, mai goge kuwa ba ruwansa da numfashi, yana iya jan layi ɗaya na tsawon minti. A ƙungiyar busa kilarinet ce ke ɗaukar wannan kaya. To sai a ce mutum goma sha biyu suna jan layi ɗaya. In suka shaƙi iska tare, rami zai fito a tsakiyar kiɗan. Don haka suke raba wuraren numfashi tun a wurin gwaji, kowa ya sa alama da fensir a takardarsa: ni a nan, ke bayan bugu biyu, shi bayan huɗu. Dabarar ita ce ficewa da dawowa. Mutum zai rage muryarsa har ta narke cikin ta maƙwabcinsa, ya sha iska, ya dawo ta ƙasa-ƙasa yadda ba a ji shigarsa ba, kamar wanda ya makara ya saɗaɗa ya shiga sahu. Mai sauraro yana jin zare ɗaya miƙaƙƙe, bai san hannu goma sha biyu ke saƙa shi ba.

Haka kuma busa a hankali ta fi busa da ƙarfi wuya nesa ba kusa ba. Mai ƙaho ya zauna yana ƙirga layi arba'in bai busa komai ba, ƙarfen ya huce a hannunsa, leɓensa ya gaji da wasan dare goma a jere, sannan a ce ya shigo shi kaɗai da sauti mai tsayi kuma siriri kamar zaren gizo. In iskar ta yi kaɗan sautin ba zai tashi ba, in ta yi yawa ya fashe, kuma kowa zai san wane ne.

Sai batun jama'a. Wanda ya sayi tikiti da tsada ya riga ya ɗaure kansa, ko wasa bai yi masa ba zai zauna ya ci kuɗinsa. Wanda ya shigo kyauta ba abin da ya riƙe shi. A benci ɗaya za ka ga malamin kiɗa na jami'a, da manomi da bai taɓa shiga zauren kiɗa ba, da tsohon soja a keken guragu, da uwa mai yara uku waɗanda ba su san zama ba. Tsara abin da zai riƙe su duka na awa biyu gwaninta ce mai zaman kanta. Akan buɗe da taken ƙasa, a bi da wani abu mai armashi, a fito da gwani ɗaya ya nuna bajinta shi kaɗai, a sa mawaƙi ko mawaƙiya, wanda sau da yawa shi ne kuma sanƙiran dare, yana bayanin kowane kiɗa cikin jimla uku da ɗan barkwanci. A tsakiya sai a cusa wani abu mai nauyi, sabon rubutu na mawallafin da ke raye, wanda da shi aka tallata a jarida da rabin ɗakin ba su zo ba. Su saurara, don an riga an saye zuciyarsu da abin da ya gabata, kuma sun san maci na tafe. Ba a raina musu hankali, wannan ne ya fi burge ni. Ƙungiyar Marin da John Williams, mai kiɗan manyan finafinai, ya tsaya gabanta ya jagoranta a 2003, ita ce dai ke zaune a ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando, kuma ba ta rage mudu.

Shi kansa macin, da muke ɗauka kiɗan taka ƙafa ne kawai, yana da ciki. Gudunsa taku 120 a minti, tsawonsa bai cika wuce minti uku ba. Yana da shimfiɗa, da ɓangare na ɗaya da na biyu, sannan wani sashe mai taushi inda waƙar ke kwantawa, sai wurin da manyan ƙahoni da ƙanana ke cacar baki, sai rufewa. Sousa ya rubuta sama da 130, kuma yana da wata dabara da bai sa a takardun da ya sayar wa duniya ba. In shi ke jagora, sai ya sa masu ƙahon tagulla su yi shiru a wasu wurare, kilarinet su sauko ƙasa, ganguna su ja baya, ya yi ta ɓoye ƙarfin ƙungiyar yana tara shi. Wasu suka sayi takarda suka busa daga farko har ƙarshe da iyakar ƙarfinsu, suna mamakin me ya sa nasu bai yi daɗin nasa ba. Ƙungiyar Marin ta bi diddigin waɗannan dabaru daga tsofaffin takardu da bayanan waɗanda suka yi aiki da shi, ta sake naɗar macin nasa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin Kanar Jason Fettig, ta zuba a intanet kyauta.

Ana ganin amfanin wannan rowa a The Stars and Stripes Forever, wanda ya rubuta a 1896, majalisa kuma ta mai da shi macin ƙasa a 1987. Kusan ba a tashi wasa ba a yi shi ba. Wajen ƙarshe sai masu fikolo, 'yar sarewar nan da ba ta kai kamu biyu ba, su miƙe su fito gaba su jeru, su riƙa yi wa waƙar ado can sama kamar tsuntsaye a kan rimi, sauran ƙungiya tana rarrafe a ƙasa. Sai a zagaye na ƙarshe masu ƙahoni su taso su tsaya kafaɗa da kafaɗa da su, bakin ƙaho yana duban jama'a, a saki abin da aka yi awa biyu ana tarawa. Ƙarar da na bi tun ina yaro ke nan, amma a nan an sa ta a inda take da daraja.

Akwai kuma wani wuri a wasan da Bahaushe ba ya bukatar tafinta. Kowace runduna tana da takenta, sai a jera su a kiɗa ɗaya, sanƙira ya roƙi duk wanda ya yi aiki a rundunar, ko ɗansa ko mijinta ke ciki, ya miƙe in an zo kan nasa. Ka san yadda mahauci ko maƙeri kan zabura in makaɗi ya taɓo taken gidansu. Haka za ka ga tsoho da hular da aka rubuta sunan jirgin ruwan da ya yi aiki a kai, ya dafa kafaɗar jikarsa, ya ɗauki rabin taken yana ƙoƙarin miƙewa, ya tsaya ƙyam na sauran rabin, ya koma ya zauna yana share ido da bayan hannu. Madugu yakan juyo ya sara masa.

Kyautar dai ba daga sama ta faɗo ba. Harajin mutanen da ke kan bencin ne ya biya albashi da bas da otal, mai masaukin baƙi kuma, wata makaranta ko jarida ko ƙungiyar gari, shi ke samar da zaure da talla. 'Yan majalisa sun sha tayar da maganar kuɗin, kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar ya ruwaito cewa ƙungiyoyin kiɗan soja sun ragu daga 150 a 2012 zuwa 136 a 2016. Rundunar ma ba don Allah kaɗai take yi ba. Tun da aka daina ɗaukar soja dole a 1973, waɗanda ke cikin kaki ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, kuma akwai garuruwan da in ba wannan dare ba, ba su ganin soja ido da ido. Gyaran suna ne, da jan hankalin matasa. Mai adawa da yaƙe-yaƙen Amurka yana da damar ya ce ana shafa wa bindiga zuma, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Sai dai ko a kan wannan, na fi ganin mutuncin wanda ya zo gyaran suna da aikin da ya ƙware a kai ya kuma kawo shi har ƙofar gida. An ga irin haka tun 1918, lokacin da James Reese Europe ya zaga garuruwan Faransa da makaɗan runduna ta 369, ta baƙaƙen fata, suna wasa a dandali da asibitoci, Faransawa suka ji wani salon kiɗa da ba su taɓa ji ba daga mutanen da ƙasarsu ba ta yarda su ci abinci a teburi ɗaya da farare ba.

Jar rigar da 'yan Marin ke sawa ma tana da dalili. A zamanin da ganga da sarewa ke isar da umarni a fagen fama, akan juya wa makaɗa launin kaki, soja shuɗi mai ratsin ja, makaɗi ja mai ratsin shuɗi, don kwamanda ya hango su cikin hayaƙi. Wannan riga ce yaran gari ke layi su ɗauki hoto da ita bayan an tashi. Da yawansu sun riga sun san mai ita, don da safe ya je ajinsu ya zauna kusa da yarinya mai koyon fikolo, ya gyara mata riƙo, ya nuna mata inda za ta saci numfashi.

Ana cikin hotunan ne aikin dare ke farawa a baya. Mai kula da takardu yana bin kujera-kujera yana tattara jakunkunan kiɗa yana ƙirgawa, don in ta mai obo ta biyu ta kwana a nan, gobe akwai rami a wasa. Ana kwance manyan ganguna, ana naɗe wayoyi, ana tura akwatuna masu taya zuwa bayan babbar mota, kowanne da gurbinsa, wanda za a fara buƙata gobe shi ne na ƙarshen shiga. Rigunan su koma cikin akwatin rataya. Kafin sha biyun dare motar kaya ta kama hanyar gari na gaba, mai gadin makaranta ya tura bencina cikin bango, ya ja tsumma a kan daɓe, don ƙarfe bakwai na safe 'yan ƙwallo suna da atisaye.